Yadda Ake Zaga Tsohon Birnin Kotoko da Ƙafa

Daga Kusiri da ke arewacin Kamaru, ko ka bi kogin Logon ka yi kudu ko ka bi Shari ka yi arewa, za ka riƙa cin karo da garuruwan da suka girmi Njamena nesa ba kusa ba: Logon-Birni, Gulfe, Afade, Makari, da ita kanta Kusiri, sai Gawi a tsallaken Chadi. Biranen Kotoko ke nan, magadan mutanen da ake kira Sao. Hausawa da yawa na shiga waɗannan garuruwa sayen busasshen kifi ko kai kaya ranar kasuwa, su fito ba su ga komai ba sai gidajen laka da ƙura. Ido ne ke neman babban gini, ƙasar kuwa ba ta da shi. Laka ce shimfiɗaɗɗiya, babu dutse, kuma duk abin da aka gina da laka damina na cin sa a hankali. Abin da ya saura shi ne tudun da garin yake kai, da ragowar ganuwa, da yadda lunguna suka kwanta. Mai mota da mai babur ba sa jin waɗannan. Mai tafiya a ƙasa shi ke sanin inda hanya ta fara hawa.

Ga ɗan abin da ya kamata a riƙe a ka kafin a taka. Kudancin Tafkin Chadi ƙasa ce da ruwa ke malalewa duk shekara, don haka mutanen farko suka zauna a 'yan wuraren da suka ɗan ɗara saura tsayi. Ɗaki ya rushe, a baje shi a gina wani a kansa. Toka da shara da fasassun tukwane su taru. Ɗa ya gina kan kufan ubansa. A haka ƙasa ta yi ta tashi. A Daima, can ɓangaren Borno kusa da Ngala, da aka haƙa irin wannan tudu a shekarun 1960 an tarar zurfin zaman mutane ya haura mita 10, na can ƙasa kuma ya riga haihuwar Annabi Isa da ƙarnoni. Jean-Paul Lebeuf, Bafaranshen da ya fara haƙa a yankin a 1936, ya lissafa tuddai fiye da 600 a kewayen tafkin. Wasu sun zama kufai, wasu har yau da mutane a kai. Kuma masu su ba kanwar lasa ba ne: girgam, wato kundin jerin sarakunan Borno, ya nuna a ƙarni na 14 sarakuna huɗu a jere sun mutu wurin yaƙi da Sao. Sai a ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Aloma ya karya lagonsu, biranen suka shiga inuwar Borno, Musulunci ya kafu.

Wane wata, wane gari

Ka tsara tafiyar tsakanin Disamba da tsakiyar Fabrairu. Sanyin hunturu na barin mutum ya yi awa biyar a ƙafa bai galabaita ba, ciyawa ta bushe dabbobi sun cinye, ƙasa a buɗe take. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40. Damina kuwa ba a ma maganarta: baƙar lakar nan in ta sha ruwa tana riƙe tayar babur ta tuɓe wa mutum takalmi.

Inda baƙi suka fi faɗawa shi ne Oktoba da Nuwamba. Mutum ya ga sama ta ɗauke, sai ya ɗauka hanya ta bushe. To ruwan Logon daga tsaunukan Adamawa yake gangarowa, na Shari daga Afirka ta Tsakiya, kuma yana ɗaukar makonni kafin ya iso. Kogin ba ya cika makil a Kusiri da Njamena sai ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ruwan sama ya tsaya. A wannan tsakanin ya kai ƙololuwa a ambaliyar 2022 da ta 2024.

Mai rana ɗaya kacal ya je Gawi: kimanin kilomita 10 ce arewa maso gabas da Njamena, ƙarama ce, an saba da baƙi. Mai son ganuwa da hasumiya ya nufi Gulfe, a bakin Shari arewa da Kusiri. Logon-Birni, kusan kilomita 40 kudu da Kusiri, ita ta fi shiga rubutun matafiya na da. Kusiri ta fi wuyar karantawa, don sabon gari ya haɗiye tsohon, gara a bar ta ƙarshe bayan ido ya koyi abin da yake nema. Makari da garuruwan bakin tafki sun sha hare-haren Boko Haram tun 2014. Kada ka dogara da labarin bara, ka tambayi direbobin tashar Kusiri halin da hanya take ciki a makon da za ka tafi. Ko ina za ka, ba a tafiyar dare.

Fada tukuna

Ba a shiga birnin Kotoko a fara leƙe-leƙe. Kowane gari da sarkinsa, kowace unguwa da bulamanta, ganuwa da hasumiya da tsofaffin makabartu duk da masu su. Ka isa kwana ɗaya kafin ranar zagaye, bayan la'asar ka nemi mai yi maka iso. In kana da mai masauki cikin 'yan kasuwa, shi zai kai ka wurin bulama, bulama ya kai ka fada. Kada ka tsallake wannan tsani don ka san wani babba a Kusiri. Wanda aka tsallake yau shi ne gobe zai ce ba a bi ta unguwarsa. Ka kuma leƙa ofishin jandarma da katin shaidarka ka faɗi abin da ya kawo ka, don baƙo mai ƙirga taki yana rubutu a bayan gari abin tuhuma ne a ƙasar iyaka.

A zauren fada ka tuɓe takalmi, ka zauna inda aka nuna maka, ka yi gaisuwa a tsanake, ka bar wanda ya kawo ka ya fara magana. In an ba ka baki: "Ranka ya daɗe, mun zo mu ga garin kakanni, mu ji tarihinsa daga bakin masu shi, in an yarje mana." Ya isa. Goro, ko sukari da ganyen shayi, a miƙa ta hannun bafade. Sannan ka roƙi abu uku a fili: wanda zai raka ka, izinin ɗaukar hoto, da sanin wuraren da ba a takawa. Na ukun in ba ka tambaya ba, ba za ka ji shi ba sai ka riga ka taka.

'Yan rakiya biyu sun fi ɗaya: dattijo mai sanin sunayen ƙofofi, da saurayi mai yin tafinta. Hausa na ci a kasuwa, amma a tsofaffin unguwanni sai Kotoko da Larabcin Shuwa, kuma kowane birni da irin Kotokonsa, na Gulfe daban na Logon daban. A yanke ladan rakiya tun da yamma a gaban bulama. Ranar Juma'a ta dace da kallon fitar sarki masallaci, ba ta dace da zagaye ba.

Kayan tafiya kaɗan ne. Takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa, saboda ƙaya da ƙarangiya da tsagewar laka mai murɗe ƙafa. Hula ko rawani. Ruwa lita 3 ga kowane mutum na rabin yini, da ɗan ƙunshin sukari da gishiri: in jiri ya kama wani, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya, a zaunar da shi a inuwa. Littafin rubutu da fensir, igiya mai mita 10, ƙwallayen dabino 30, da canji na sefa 500 da 1000. Mata su riƙe mayafi babba. Su ne ma za su shiga cikin gidaje inda namiji baƙo zai tsaya a zaure.

A fara daga waje

Da an idar da asuba, wajen ƙarfe 6, ka fita bayan gari. Gulfe da Logon-Birni da Kusiri duk kogi na wajen gabas da su, don haka ka yi yamma, ka yi nisan mita 300 zuwa 400 cikin fili, kana bin iyakar gonaki don masakwa na tsaye a wannan lokaci. Sai ka juyo. Da hasken ketowar rana a bayansa za ka ga garin ya ɗaga sama da filin da kake tsaye, ka ga inda ya fi tsayi, ka ga inda gefensa ya yanke. Ka zana wannan layi a littafinka ko da ba ka iya zane ba. Wannan rabin awa ita ce mafi tsada a yinin, don da rana ta ɗaga inuwa ta gajarta, kowane ɗan tudu sai ya ɓace wa ido.

Daga nan a kewaya. Ka shimfiɗa igiyarka ka taka ta da tafiyarka ta yau da kullum. Yawancin manya taki 13 ko 14 suke yi a mita 10. Ka tsaya a wata ƙofa da dattijo ya san sunanta, ka sa garin a hannun hagu, ka fara ƙirga. Duk taki 100 ka mai da ƙwallon dabino ɗaya daga wannan aljihu zuwa wancan, don hira da gaishe-gaishe za su ɓatar maka da lissafi. In ka dawo inda ka tashi da taki kamar 2,100, kewayen ya kai mita 1,500, faɗin garin kusan mita 480, filinsa hekta 18 ke nan. Amfanin lissafin shi ne kwatance: in ka yi a gari biyu ko uku za ka san wane ne babba a zamanin da aka ja ganuwa, abin da girman garin na yau ba zai gaya maka ba.

Ganuwar ba za ka same ta a tsaye ko'ina ba. Wani wuri bango ne sosai, wani wuri doron ƙasa da awaki ke kwana a kai, wani wuri babu ko alama. Ruwan sama ya ci rabonsa, kogi ya yanki nasa, masu buga tubali sun kwashi saura, don ƙasar ganuwa a tare take, ba sai an sha wahalar haƙa ba. Inda ta ɓace, bi kududdufai: ƙasar da aka ɗora ta daga gindinta aka ɗebo, sai ramukan suka yi jere a waje suna bin lanƙwasarta, wani wuri ma su haɗe su zama gwalalo. Bi kuma lungun da ya lanƙwashe babu dalilin da ido ke gani. Galibi bango yake kauce wa, bangon da babu shi yanzu. Ka lura da inda gidaje suka sauya tsari, daga cunkoso zuwa filaye masu kusurwa huɗu da layin darbejiya. Darbejiya baƙuwa ce daga Indiya, a ƙarni na 20 ta bazu a ƙasashenmu, don haka unguwar da ta jeru a cikinta sabuwa ce komai tsufan da bangonta ya nuna.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne shingen tare ambaliya. Shi ma doron ƙasa ne mai tsawo, kuma bayan shekara biyar ya yi kama da tsohon abu. Ga bambancin. Shinge kogi yake bi, ganuwa gari take kewayewa. Saman shinge a daidaice yake, ana tafiya a kai, sau da yawa da ragowar buhunan yashi a jikinsa. Ganuwa gindinta da faɗi, samanta a ciccije, ruwa ya tsattsaga gefenta. In ka duƙa a wurin da ta zaizaye, kana iya ganin tsingaro da toka da ƙashi a cikinta, don an ɗebi ƙasar ne daga inda mutane suka riga suka zauna.

Haka nan ba kowane giɓi ne ƙofa ba. Ƙofar asali tana da suna, hanyarta ta lotsa saboda sawun ƙarnoni, ta ciki tana miƙewa zuwa fada ko kasuwa, ta waje tana nufar wani tsohon gari ko mashigin kogi. Giɓin da aka fasa daga baya gidajen kusa kawai yake kaiwa. Ka rubuta sunan kowace ƙofa yadda dattijo ya faɗa, ka tambayi wace ce sarki ke fita ta cikinta, wace ce ake fitar da gawa.

Kada ka hau ganuwa don neman hoto. Ruwa na cin gindinta ta ƙasa, ta tsaya da ɓawo kawai, ga ramukan macizai da kunamu.

Hawa tudu

Wajen ƙarfe 8 ka shiga ta babbar ƙofa, ka rage sauri. Ana iya auna tsayin tudun da gorar ruwa. Ka tsaya a gindin hawa, ka kwantar da gora mai rabin ruwa daidai idonka, ka bi layin ruwan da kallo har inda ya taɓa ƙasa a gabanka. Ɗan rakiya ya je ya tsaya a wurin, ka isko shi, ka sake. Kowane awo tsayin idonka ne daga ƙasa, mita ɗaya da rabi ko ɗan sama da haka. Awo huɗu, mita 6 ke nan. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma wannan kimar ta wadatar. Yawancin abin da ka hau ɗin, ɗakunan mutane ne da murafunsu.

Don ganin cikin tudun, nemi inda aka yanke shi: gefen kududdufi, kwarin da ruwa ya haƙa, gaɓar kogi, ko sabon ramin masai in mai gida ya yarda. Ka tsaya gefe ka duba, ƙasar a jere take kamar tabarmin da aka jibga ɗaya kan ɗaya. Layi mai ruwan toka da ɗigon gawayi murhu ne ko juji. Jan layi mai tauri daɓe ne da wuta ta gasa, ko gobara. Fari-fari mai rugurguzawa galibi ƙayar kifi ce da ɓawon katantanwar ruwa. In ka ga tsingaro a jere, an kafa su a tsaye kusa da kusa, daɓen tsakar gida ne. An samu irinsa a tuddan yankin. Na ƙasa ya girmi na sama, in dai ba ramin da aka haƙa aka cike ba ne, wanda za ka gane don yana yanke layukan daga sama zuwa ƙasa.

Tsingaro za ka gan shi birjik. Ka ɗauka ka duba kaurinsa da adonsa: da yawa an murza musu tufkakkiyar igiya ko sassaƙaƙƙen ɗan itace tun yumɓu na ɗanye. Sai dai masu ginin tukwane na yau ma suna irin wannan ado, don haka guda ɗaya da ka tsinta a hanya ba ya faɗin shekarunsa. Inda yake kwance shi ke magana, shi ya sa ake mayar da shi daidai inda aka ɗauke shi. Abu biyu ne ke ba da tabbaci. Guntun lofe na yumɓu yana nuna layin bai riga zuwan taba ba, taba kuwa daga Amurka ta zo, ba ta bazu a nan ba sai wajen ƙarni na 17. Na biyu dutse. Tunda ƙasar ba ta da shi, duk dutsen niƙa ko gatarin dutse da ka gani mutum ne ya ɗauko shi daga nesa, daga Hajar el-Hamis kusa da tafki ko duwatsun wajen Waza da Mandara.

Jan bulo kada ya ruɗe ka. A Birnin Gazargamu, tsohuwar hedkwatar Borno, alamar ginin sarauta ne, amma a Kusiri da Njamena yau ana gasa shi kullum.

In ka ga bakin wata ƙatuwar randa ya leƙo daga gaɓa, ko biyu an kifa ɗaya kan ɗaya, ka ja baya. Sao a irin waɗannan suke binne matattunsu. Kabari ne. Ba a tono, ba a zura hannu, a nuna wa dattijo ya kai maganar fada.

Cikin gari

Lungunan tsohon gari matsattsu ne masu karkace-karkace, wani jaki da kaya ba ya wucewa. Ka ɗaga kai ka duba benaye na laka, azarar giginya, indararo, da kaurin bango a bakin ƙofa. Bangon da aka yi wa yaɓe bana sumul yake. Wanda aka bari shekara uku ya fara zubar da fata daga sama, nan ne mutuwar gidan laka ke farawa. Dixon Denham, Baturen Ingila da ya bi ta nan a 1824, ya tarar gidajen Kusiri ɗaki ne cikin ɗaki har biyar ko shida, an yi su haka don a tsere wa ƙudaje da sauro. In mai gida ya shigar da kai tsohon gida, ka ƙirga ƙofofin da ka ratsa kafin ɗakin ƙurya, ka ji yadda zafi da haske ke raguwa. A Logon-Birni kuma ya tarar ana ciniki da kuɗin ƙarfe, 'yan siraran faranta. Heinrich Barth, Bajamushe, ya biyo ta garin a 1852 kan hanyarsa ta Bagirmi.

Masallacin Juma'a galibi an sake shi da siminti. Kada ka wuce shi don haka. Ginin sabo ne, filin tsoho ne. Ka tambayi liman, "Allah gafarta Malam, a nan yake tun asali ko an matso da shi?"

A Gulfe abin nema shi ne hasumiyar Goto, tulin ƙasa mai tsayi da Kamaru ta sa a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a 2018, sai gidan adana kayan Sao da Kotoko. Hasumiyar tana haɗe da sarautar garin da al'adunsa, ba wurin hawan kowa ba ne; abin da aka ce maka a fada shi za ka bi. A garin ana girmama guza a matsayin mai tsaron birni. In da yara a ayarinku a ja musu kunne tun a mota, don yaron da ya saba farautar guza a gida zai kai mata duka kafin a ankara, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurin masu gari.

Gawi tsohuwar fadarta ta laka ce aka mai da gidan tarihi. Mata ke zana bangon gidaje da launukan ƙasa, su ne kuma masu gina randunan da ake kaiwa kasuwannin Njamena. Ka nemi izinin zama wurin mai ginin tukwane rabin awa, ka ga yadda take murza igiya a jikin ɗanyen yumɓu. Bayan haka tsingaron da ke hanya zai daina zama shara a idonka. "Sannu da aiki, Iya," sannan a sayi wani abu ko ƙarami ne. Daga Kusiri ta gadar Ngeli ake ƙetarawa: ka riƙe takardunka, ka tambayi lokacin rufe iyaka a ranar, wayarka kuma ta zauna a aljihu, don hoton gada ko soja na iya sa ka wuni a ofis. In da sauran lokaci, gidan tarihi na ƙasa a Njamena na da mutum-mutumin yumɓu da randunan Sao.

Kusiri labarinta na kusa ya danne na nesa. Rabe, mayaƙin nan da ya fito daga Sudan, ya mamaye yankin a 1893 ya kafa hedkwata a Dikwa. Ranar 22 ga Afrilu 1900 rundunonin Faransa uku da suka haɗu a nan suka auka wa sansaninsa, 'yan kilomitoci daga garin. Aka kashe Rabe, kwamandan Faransawa Lami shi ma ya mutu. Da sunansa aka kira garin da aka kafa a tsallake, Fort-Lamy, har 1973 da aka mai da shi Njamena. A Kusiri ka fara daga fada ka yi ta faɗaɗa kewaye, kana neman lanƙwasar lungu da gangarar ƙasa da ka koya a sauran garuruwan.

Daga ƙarfe 11 zuwa la'asar a zauna a inuwa. Lokacin tambaya ke nan.

Bakin kogi

Wajen ƙarfe 4 a gangara mashigi. Kotoko masunta ne tun asali, kuma garin daga ruwa yake da kwarjini. Ka tambayi tsofaffin masunta labarin zemi, babban jirgin katako mai ɗauke da ƙatuwar koma mai kusurwa uku da ake saukarwa a ɗaga da sanda. Da wuya ka gan shi yana aiki yanzu, amma akwai masu iya zana maka shi a ƙasa. Ka dubi gaɓa daga ƙasa, ba daga bakinta na sama ba, don tana ruftawa. Kada ka shiga ruwan kwance saboda tsargiya, kuma Shari na da dorina. Tsallaken da kake hange Chadi ce. Hawa kwale-kwale "mu ɗan leƙa" ƙetare iyaka ne.

Abin da za a gaya maka, da abin da za a tallata maka

Za ka ji cewa Sao ƙattai ne masu saɓa giwa a kafaɗa, randunan nan kuma kofunansu ne. Ka saurara, kada ka yi musu. Ka raba shafinka uku: abin da idonka ya gani, abin da aka faɗa maka da wanda ya faɗa, da abin da ka karanta. In ka cakuɗa su, bayan wata guda ba za ka iya warware su ba. A Logon-Birni za a ba ka labarin Ibrahim Hannibal, yaron da aka kai Istanbul sannan Rasha a farkon ƙarni na 18, ya zama janar, kuma kakan mahaifiyar marubucin Rasha Pushkin. A wata takardar koke ta 1742 ya ce shi ɗan garin Lagon ne, kuma masanin tarihi ɗan Benin, Dieudonné Gnammankou, ya kafa hujja a shekarun 1990 cewa wannan Logon ɗin ce. Kafin nan Habasha ake cewa. Hujjar na da ƙarfi, amma a shafi na uku take, ko da an nuna maka wani gida an ce nan aka haife shi.

Tambayar "su wa suka riga zama a nan" a bar ta a fada. A 2021 rikicin ruwa da ƙasa tsakanin Larabawan Shuwa da Musgum ya tashi daga yankin Logon-Birni har ya kai Kusiri, dubbai suka ƙetara Chadi. A majalisar shayi wannan tambaya ba ta tarihi ba ce.

Wani zai jawo ka gefe ya kwance tsumma: ɗan mutum-mutumin yumɓu, ko ƙaramin mahayin doki na tagulla irin wanda Kotoko ke ɗaurawa don maganin taɓin hankali. In sabon ƙira ne, saya a matsayin aikin hannu, da farashin sabo. In ya rantse daga ƙasa aka tono shi, to ko ƙarya yake yi ko kabari aka fasa, kuma dokar kayan tarihi ta Kamaru ta 2013 ta hana fitar da irinsa ba da izini ba. A shingen kwastan kai za a riƙe, ba shi ba.

Kafin ka tashi ka koma fada ka yi sallama, ka sallami 'yan rakiya a gaban wanda aka yanke lada a gabansa, ka karɓi lambar saurayin don aika hotunan da ka yi wa mutane alkawari. In a ranar za ka koma Kusiri, ka haƙura da bakin kogi ka kama hanya kafin ƙarfe 3, don a Disamba rana na faɗuwa tun kafin 6, kuma taya ɗaya in ta fashe a hanyar ƙasa ta cinye awa guda.